Ranar Da Dutsen Niƙan Inna Ya Shiga Aji

Ko tsufa ya zo ya kwashe duk abin da ke kaina, ina jin abu ɗaya zai gagare shi. Ba zan taɓa manta ranar bikin yaye ɗaliban ajin matan unguwarmu a Birnin Kudu ba, ranar da kakata ta durƙusa a gaban mata cike da ɗaki ta yi niƙa. Na san wani zai ce, niƙa kuma har ya zama abin tunawa? A yi min haƙuri a ji yadda aka yi.

A lokacin na gama kwalejin horar da malamai, ina gida ina jiran aiki, shi kuma aikin yana can yana jiran waɗanda suka san wani. Zama ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gida, don Allah ya yi ni da baki. Ana nan sai wata Hajiya a layinmu, nas ce da ta yi ritaya, ta aiko tana neman masu taimaka mata a ajin matan da ta buɗe a firamaren unguwa. Da an tashi yara sai iyayensu mata su maye gurbinsu a kan benci. Ba a biyan kowa, wadda ta iya abu ta zo ta koyar. Wata tana koyar da ɗinki, wata haɗa sabulu da man shafawa, ni aka ba ni karatu da rubutu. Umma ta ce, "Je ki, ko ma huta da surutunki." Na tafi don in kashe lokaci, sai ga shi na kamu da son abin. Duk wanda bai taɓa ganin matar da ta aurar da 'ya'ya ta rubuta sunanta a allo karon farko ba, ta juyo tana rufe baki da mayafi, akwai daɗin da bai sani ba.

Akwai irin wannan aji a Gwaram, kuma muna zumunci da su, irin zumuncin nan mai ɗan gasa a ciki. Shekarar da ta wuce su suka gayyace mu bikinsu, suka yi kiɗan ƙwarya, suka yi wasan kwaikwayo har muka riƙe ciki don dariya. Muka dawo a bas muna yaba musu a baki, a zuci kuwa abin yana cin mu. Bana mu ne masu masauki, kuma Hajiya ta rantse sai matan Gwaram sun koma gida suna ba da labarinmu.

Bari in koma gida tukuna. Inna ita ce mahaifiyar Babanmu. A wani ƙauye take a yankin Wurno har Allah ya yi wa kakanmu rasuwa, tana fita takaba Baba ya je ya ɗauko ta. Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Gwaram, kullum yana kan hanya a tsohuwar motarsa, kuma har yau ban ga mai son uwarsa irinsa ba. Ya gyara mata ɗakin da ya fi kowanne iska, ya sa katifa da fanka da talabijin, sannan ya kafa doka: kada a kuskura a bar Inna ta taɓa ko tsinke. Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe, "Haba Inna, muna nan?" Ta jawo kuɓewa za ta yanka, Umma ta taho da gudu. Ko butarta ba a barin ta ta cika da kanta. Duk unguwa ana yabon Baba, kuma ya cancanci yabon.

Sai dai Inna ta soma ƙanƙancewa a gaban idonmu. A kawo abinci ta tsakura ta ture. Wuni take zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, talabijin yana ta surutunsa shi kaɗai. Aka kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba sai shekaru, ya dai rubuta maganin ƙarin ƙarfi. Baba ya ƙara nama, ya ƙara madara, abin sai gaba yake. Ga shi ba ya iya zama ya tambaye ta abin da ke damunta, ita ma ba za ta gaya masa ba, saboda shi ne ɗanta na fari. A tarbiyyar su Inna uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, balle ta yaba masa. "Wancan" take ce masa. Zai durƙusa ya gaishe ta da safe, ta amsa tana kallon bango.

Ni abin da ya tsorata ni daban ne. Da can a ƙauye, ni da Inna ba ma haɗuwa ba a taɓa ba, irin wasan jika da kaka. In ce mata, "Tsohuwa, yaushe za ki tafi ne mu sha gumba?" Ta ce, "Sai na ga wawan da zai kwashe ki, in yi masa jaje." Wata rana na shiga ɗakinta na jefa mata wannan tsohuwar tsokanar, ina jiran martani. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya kusa." Na fito, na san idan ba a yi wani abu ba kakata za ta tafi, kuma ba ciwo ne zai ɗauke ta ba.

Ana cikin haka Hajiya ta tara mu a aji kan abin da za mu nuna wa baƙi. Masu cewa a yi gasar girki na yi, masu cewa a yi tashe ko da ba azumi ba na yi. Sai wata dattijuwa cikin ɗalibaina, 'yar ƙauyen su Inna ce da aure ya kawo ta gari, ta ɗaga hannu kamar yadda na koya musu.

"Malama, ai maganin matan Gwaram yana gidanku."

Na ce, "A gidanmu kuma? Me muke da shi ban da kaji?"

Ta ce, "Kakarki mana. Ke yarinya ce. Kafin injin niƙa ya zo garinmu, in ta fara waƙar niƙa da hantsi, maƙwabta ajiye aikinsu suke su jingina da danga. Nan take take ƙirƙirar ta, ba ta maimaita ta jiya. In ta so ta sa ki dariya, in ta so ki koma ɗaki kina share ido."

Na saki baki. Tsohuwar da na sani tun ina goye, ban taɓa jin ta rera ko baiti ɗaya ba. Da yamma na sami Baba na gaya masa, ina fargabar ya ce a'a. Sai ya ce, "In dai zai sa ta walwala, kuma taron mata ne, ba laifi. Amma a zaunar da ita a kujera mai kyau, a mutunta ta." Har leshi ya sayo mata sabo. Ita kuwa Inna da na gaya mata, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma da na miƙa mata takalmi ta saka.

Ranar gwaji muka yi abin da muka ɗauka shi ne girmamawa. Aka aro kujerar hedimasta mai taushi, aka ɗora Inna a kai kamar amarya, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa. Aka ba ta makirfo. Mata suka yi tsit. Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ta gyara murya, ta fara wani abu can ƙasa-ƙasa, bai kai ko'ina ba ya tsinke. Ta sake, ya sake tsinkewa. Sai na lura da hannunta ɗaya da ke kan cinya, yana tafiya gaba yana dawowa, shi kaɗai. Can ta miƙo min makirfon ta ce, "Karɓi muciyarki." Aka yi 'yar dariya, amma ni na ga idonta, kunya ce ta kama ta, kuma ni na jawo mata.

A hanyar gida na ce, "Inna, mantawa kika yi?"

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai karatun naki bai tsinana miki komai ba. Ana waƙar niƙa a kan kujera? Numfashin ai dutse ne yake ba ki. Ki tura, magana ta fita, ki jawo, ki sha iska. Ba dutse, ta ina zan kama?"

Rabon da in ji ta yi magana mai tsawon haka, har da zagi a ciki, tun tana ƙauye. Wallahi daɗi na ji. Ina shiga gida na tari Baba da murnata, na ce an gano matsalar, dutsen niƙa kawai za a samo. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canza irin na ranar ba. Ya ce, "Uwata? Ta durƙusa a gaban jama'a tana niƙa, ina raye? Kada in sake jin wannan maganar a gidan nan." Ya shige ɗaki ya bar ni tsaye.

Ni da bakina na fara gunaguni a madafa, wai girman kai ne irin na ma'aikata. Umma ta ce in rufe mata baki. Tana tuƙa tuwo ta ba ni labarin da ban sani ba. Lokacin da Baba yake ƙarami an yi shekaru na wahala, gona ba ta ba da abin kirki ba. Inna ta riƙa karɓar hatsin mutane tana niƙa musu, da abin da take samu ya yi makaranta. Shi yake riƙe mata faifan da gari ke zuba. Ya ga gwiwoyinta sun yi kanta, ya ga tafin hannunta ya tsage. Tun a lokacin ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ɗaga shi, hannun nan ba zai ƙara taɓa aiki ba. Umma ta ce, "Kin ji. Ba girman kai ba ne, ciwo ne." Na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba.

Washegari na shiga wajen Inna na ce mata maganar waƙa ta mutu, Baba ya hana. Sai ta ce, "Dutsena yana nan kuwa?"

Na ce, "Wane dutse?"

"Wanda aka kai ni da shi ɗaki. Na bar shi a gindin rumbu." Ta gyara zama. "Je ki ɗauko min. In wancan ya tambaya, ki ce ni na aike ki."

Na gaya wa Umma, ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, amma aiken kaka ba a ƙin sa. Na gaya wa Hajiya, ta ce a ajiye shi a makaranta. Ranar da ba aji na hau mota zuwa Wurno. Na sami dutsen ba a gindin rumbu ba, matar baffana ta mayar da shi bakin rijiya ana taka shi ana wanke ƙafa. Ɗan dutsen kuwa, wanda ake riƙewa a hannu a murza, da shi aka tokare ƙofar akurkin kaji. Da na ce su na zo ɗauka, matan gidan suka yi ta dariya, wai 'yan birni sun rasa abin yi. Direban da ya dawo da ni, wani dattijo mai furfura, ya ɗaga dutsen da ƙyar ya ce, "'Yata, Birnin Kudu za ki kai dutse? Na garin sun ƙare ne?" Na ce, "Baba, wannan na gado ne." Ya ce to Allah ya sa kada tayarsa ta gaji gadon.

Na kai Inna ta ga dutsen a bayan aji. Ta tsuguna ta shafa shi kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta ce ƙafafun mutane sun sa ya yi sulɓi, ba zai ci hatsi ba sai an koɗa shi. Ta sa aka samo mata wani ƙaramin dutse mai tauri, ta zauna tana ƙwanƙwasa fuskarsa a hankali, ƙwas, ƙwas, har ta yi kaushi. Na ce in taya ta, ta make min hannu. Ran nan da muka koma gida ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ba gishiri. Umma ta dube ni, na dube ta. Baba ya ji labarin an cinye tuwo, ya yi ta hamdala, yana cewa maganin likita ya fara aiki. Babu wadda ta gyara masa.

Ranar biki ta zo. Matan Gwaram suka sauka daga bas da ankonsu da ƙoren kiɗansu, suna taku ɗai-ɗai. An tsara cewa da farko za a raba takardun shaida a filin makaranta, maza da mata, daga nan maza su koma ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya su ci abinci, mata kuma mu shiga babban aji mu yi namu. Baba yana cikin manyan baƙi, da babbar riga, a saninsa uwarsa za ta zauna a kujera ta rera abin da ya samu. Abin da babu wadda ta tuna a cikinmu shi ne lasifikar da aka rataya a jikin tagar ajin ta waje saboda jawabai. Ba a cire ta ba.

Matan Gwaram suka yi kiɗansu, kuma gaskiya sun iya. Sannan aka shimfiɗa tabarma, mata biyu suka kawo dutsen suna nishi, aka ajiye ƙwaryar gero a gefe. Inna ta tashi daga kujerar hedimasta, ta cire mayafin leshin ta miƙo min, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta sa gwiwa a ƙasa. Na ji ƙasusuwanta sun yi ƙara. Na durƙusa kusa da ita na riƙe mata makirfo. Ta yi bisimilla, ta zuba gero, ta tura.

Yaran yanzu ba su san wannan ƙarar ba. Gurr, ta tafi, gurr, ta dawo. Ɗakin ya yi tsit, tsofaffin ciki suka fara gyaɗa kai tun ba a ce komai ba. Sai murya ta fito, ba irin wadda na sani ba, siririya amma mai kaifi:

Dutse abokin hantsi, sannu da jira,
Na daɗe ban zo ba, ba fushi na yi ba.
Sun ba ni katifa, sun ba ni fanka,
Sun karɓe hannuna sun ajiye min a cinya.

Wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta samu hanya, sai ta shiga tsokana. Ta taɓa matan Gwaram, wai sun zo da ƙore ba su zo da abin zubawa a ciki ba, suka fashe da dariya suna tafawa. Ta taɓa Hajiya da allurarta. Ta juyo kaina, wai tana da jika mai koya wa mutane rubutu, amma in ta tuƙa tuwo ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ɗalibaina har da masu faɗowa daga benci. Ina dariya ina jin haushi, sai idona ya kai taga. Na hango mazan nan sun daina cin abinci, duk sun juyo. Na hango Baba ya miƙe tsaye, ya nufo ajin. A nan na tuna da lasifikar.

Na yi niyyar janye makirfon, Inna ta ɗago ta harare ni ba tare da ta tsaya ba, na mayar. Baba ya iso jikin tagar. Ba zai shiga taron mata ba, sai ya tsaya a gefe, ina ganin kafaɗarsa da gefen hularsa. Ban sani ba ko Inna ta gan shi. Abin da na sani shi ne tafiyar dutsen ta sauya, ta yi sanyi, muryarta ma ta sauka:

Akwai wani yaro, ba na faɗin sunansa,
Mai riƙe min faifai barci yana ɗibarsa.
Ya ga gwiwata, ya ɗauka kuka nake,
Ni ko shi nake kallo, ƙarfi nake samu.
In na tura, takalminsa nake gani,
In na jawo, littafinsa nake gani.
Garin da na niƙa bai zube a ƙasa ba,
Ya zama mutum, ga shi ana gaishe shi.

Ba mai motsi a ɗakin. Dattijuwar nan 'yar garinsu ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta ƙara gero, hannunta duk ya yi fari, ta ci gaba:

Mata, ku gaya wa yaron nan na gode,
Ku ce masa dutse bai taɓa ba ni kunya ba.
Ku ce masa ya bar min hannuna in mora,
Ku ce masa ya cika ɗa, Allah ya yi albarka.

Ɗakin gaba ɗaya ya ce amin, kamar a masallaci. Ni kam kuka nake sosai, makirfo yana ɗaukar shessheƙata yana kai wa mazan waje, ban damu ba. Na kalli taga, na ga Baba ya cire hularsa, ya jingina goshinsa da bango. Mutumin da ya haura shekara hamsin, uwarsa ba ta taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba, yau ga shi ya ji, kuma duk wanda ke harabar makarantar shaida ne.

Inna ta tattara garin a faifai, ta karkaɗe hannu ta ce, "Ku ɗaga ni, gwiwar ba ta da ba ce." Matan Gwaram ne suka riga mu zuwa. Shugabarsu ta riƙe hannun Hajiya ta ce, "Bana kam kun gama da mu. Amma sai kun ba mu aron tsohuwar nan."

Da aka watse na fito ina rarraba ido, na shirya wa faɗa. Baba ya zo ya wuce ta gabana. Ya shiga ajin, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sunkuya ya rungumi dutsen. Masinjan makaranta ya taho da sauri, "Alhaji, kawo mana," ya girgiza kai. Shi ya kai shi but ɗin mota da kansa, rigar duk gari. Muna isa gida ya sauke shi a gindin mangwaron tsakar gida, ya gyara masa zama, sannan ya ce wa Umma, yana kallon wani wajen, a yi masa tuwo da garin nan. Tuwon ɗan kaɗan ne, kuma ni da na ɗanɗana na ji 'yar ƙasa-ƙasa a haƙori. Baba ya cinye shi har da suɗe kwano.

Daga baya na tambayi Inna, "Tsohuwa, tsakaninki da Allah, kin san yana jikin taga?" Ta ce, "Wa? Ni da dutsena nake magana. Ke kuma da kika cika lasifika da kuka, wa ya mutu?" Na ce to ai shi ke nan, ta warke, gumbarmu ta yi nisa.

Ba a soke dokar Baba da baki ba, ita ce ta mutu da kanta. Inna ta karɓi yankan kuɓewa da tsinar zogale, ta karɓi kiwon kajin da na ce su kaɗai muka mallaka. Hajiya ta ware mata yammacin Alhamis a ajinmu. Da farko 'yan kallo ne suke zuwa, daga baya 'yan mata suka fara durƙusawa a gefenta suna koyon yadda ake haɗa numfashi da turi, ana yi ana dariya, don waƙar wasu ko kaza ba za ta tsaya ji ba. Wasu tsofaffin da muka ɗauka ba su iya komai ba sai ga su da nasu, mai waƙar daɓe, mai tatsuniya, mai saƙar faifai. Ranar da matan Gwaram suka karɓi aron da suka roƙa, Baba ne ya kai ta a motarsa, dutsen yana but. Har ta koma ga Allah bayan wasu shekaru masu albarka ba ta kira sunansa ba, shi ma bai nema ba. Amma na sha ganinsa da yamma ya jawo kujera nesa kaɗan da mangwaron, wai yana sauraron rediyo, rediyon kuwa a kashe.

Yanzu ina koyarwa, ina da nawa gidan, kuma har yau ina zuwa ajin matan nan. Abin da ranar ta koya min shi ne, mutum yana iya kashe wanda yake so da hutu, yana ganin gata yake yi masa. Tsoho ba abinci da katifa kaɗai yake buƙata ba, yana so a ce har yanzu akwai abin da sai shi. Shi ya sa duk tsohuwar da ta shigo ajinmu tana cewa ita ba ta iya komai ba, ba na fara miƙa mata alli. Sai in zauna kusa da ita in ce, "Inna, da can me hannun nan yake yi?" Ban taɓa yin tambayar nan na tashi hannu wofi ba.